Wa Ya Kawo Awara Ƙasar Arewa?

A birnin Gwanzu da ke kudancin Sin, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, akwai wani irin ci da ake kira dim sum. Tun da hantsi mutane kan cika gidan shayi, ana ta kawo musu ƙananan kwanduna na gora da aka turara abinci a ciki, kowane kwando da 'yan ƙulli uku ko huɗu. Damuwar ɗan kasuwar Maraɗi ko Kano ko Dogon Dutsi da ya je sarin kaya ita ce abin da ke cikin ƙullin. Wanda ake kira siu mai naman alade ne da jatan lande. Char siu bao kuwa lallausan burodi ne da gasasshen alade a tsakiya. Saboda haka Musulmi mai kiyaye cikinsa, in bai sami gidan abincin Musulmi ba, yakan nemi na mabiya addinin Buda, inda nama da kifi ba sa shiga tukunya, masu tsanantawa a cikinsu ma ko albasa da tafarnuwa ba sa sawa.

A can za a jera masa kwandunan nan dai, siffa ba ta sauya ba, amma an cika ƙullin da kabeji, da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da wani abu mai danƙo da ke saura idan aka wanke kwaɓin alkama har sitacinsa ya fita. Sai kuma wani farin abu mai laushi, an yanka shi gida-gida an soya bayansa. Ɗan Arewa da ya kai wannan baki ba ya neman tafinta, domin awara ce, irin wadda yarinya ke talla a tashar Dutsi tana tambaya, "Malam, ta nawa za a sa maka?"

To, yaya aka yi abinci ɗaya ya kasance a kwandon Gwanzu da kuma kaskon wata mata a Tibiri ko Gecheme? Abin yana da ɗaure kai ta fuska biyu. Waken suya da ake yin awara da shi ba amfanin gonar Arewa ba ne, wato ƙasar Arawa ta Dallol Mawri a Nijar. Ƙasar Dallol Mawri ta gero ce da wake da gyaɗa da gurjiya, sai dankalin turawa da ake yi a fadamun Dutsi da rani, kuma daminarmu ba ta kai abin da waken suya yake so ba. Sannan duk tsohuwar da ka tambaya za ta lissafa maka abincin ƙuruciyarta, tuwo da fura da ɗan wake da ƙosai da ƙuliƙuli, ba za ka ji awara a ciki ba. Baƙuwa ce ke nan. Sai a bi sawunta.

Asalinta dai ba a jayayya a kai. A Sin aka fara noman waken suya, a can aka fara daskarar da madararsa. Sinawa kan jingina ƙirƙirar ga wani yarima, Liu An, wanda ya rasu shekara 122 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake rubutu mafi daɗewa da ya ambace ta na ƙarni na 10 ne. Addinin Buda ya ƙara mata daraja. Sarki Wu na daular Liang, wanda ya yi mulki daga 502 zuwa 549, ya hana masu zaman zuhudu na wannan addini cin nama, masu dafa musu abinci suka duƙufa neman abin da zai tsaya a madadinsa. Daga wannan tsatso ne dim sum marar nama ya fito.

Wanda za a fara zargi shi ne Basine da kansa. Nijar ta ƙulla hulɗa da Sin a 1974, aka katse a 1992, aka mayar a 1996, kuma a 2011 aka buɗe matatar mai ta Soraz kusa da Damagaram. Amma wannan sawun ba ya kai wa ko'ina. Ma'aikatan Sin a sansaninsu suke girkinsu, ba su zauna da matan ƙauye sun koya musu sana'a ba. Da daga hannunsu ta fito, da an fara ganinta a manyan gidajen abinci na Yamai kafin ta sauko ƙasa, alhali awara a bakin kasuwa da ƙofar lakwal aka san ta, a garuruwan da ke jingine da iyakar Najeriya. 'Yan kasuwar da ke zuwa Gwanzu ma ba su ba ne. Zirga-zirgarsu ta kankama ne daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da awara ta riga ta kama ƙasa a arewacin Najeriya, kuma atamfa da waya da takalma suke ɗaukowa.

Alamar da ta fi kowace ƙarfi tana cikin tukunya. A tsaya a kalli mai yin awara. Za ta jiƙa waken ya kwana, ta wanke, ta kai inji a markaɗa, ta tace da ƙyalle, ta ɗora farar madarar a wuta. Da ta tafasa sai ta zuba ruwan tsami, wato ruwan da ya kwana a kan kamu ko gasara har ya yi tsami, wasu kuma tsamiya ko lemun tsami ko alif. Nan take madarar ta tsinke, fari ya taso ya dunƙule, ruwa ya ware. Ta kwashe cikin ƙyalle ta ɗaure, ta aza dutse. Basine kuwa abin da ya gada wajen daskarar da tasa shi ne garin wani farin dutse mai laushi, ko ruwa mai ɗaci da ke saura bayan an fitar da gishirin teku. Wanda ya koyi aiki kai tsaye daga malami yakan ɗauko kayan aikin malaminsa. Tunda abin tsinka madara ya bambanta haka, akwai wani a tsakani da ya zauna ya nemo abin da ƙasar nan take da shi.

Kafin a kai ga wannan mutum, akwai wata tambaya: me ya sa hannun matanmu ya faɗa wa aikin da sauri haka? Amsar tana rugar Fulani. Ba cukun Abzinawa nake nufi ba, busasshen nan mai faɗi. Ina nufin ɗanyen cuku mai laushi da matan Fulani ke yi a ƙasar Yarbawa da Nufe da arewacin Benin, su ɗumama sabuwar madara su zuba ruwan ganyen tumfafiya, itacen nan da ya cika kowace saura a Arewa. A Benin ana ce masa wagashi, ana rina shi ja da karan dafi, yana hayewa har Gaya. Yarbawa suna ce masa wara, kuma daga nan awara ta ɗauko sunanta. Ashe mutanen yankin sun san farin cuku da ake yankawa a soya tun kafin su ga waken suya. Abin da ya rage shi ne madarar da ta fi ta saniya araha.

Shi waken ya daɗe a Najeriya yana jira. Turawan mulkin mallaka sun shigo da shi a 1908, ya zauna sosai a ƙasar Tibi ta Binuwai daga 1937, amma don fitarwa waje ake nomansa. Matan gida sun guje shi da dalili: ba ya nuna kamar wakenmu ko an ƙona itace da yawa, ga ƙarni. A wajen Kafanchan ne aka sama masa amfani, ana daddawa da shi a madadin kalwa.

Ƙullin ya warware a Ibadan. Cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a 1967, ta fara wani shiri a 1987 da tallafin hukumar IDRC ta Kanada, don a koya wa mutane cin waken suya a gida. Wata masaniyar abinci, Dokta Sidi Osho, tana kan gaba a aikin. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar JICA ta Japan ta aiko wani gwani, Dokta Osamu Nakayama. Japanawa kuwa daga Sin suka karɓi cukun waken suya ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ta hanyar mabiya Buda. Osho da Nakayama suka dubi yadda ake wara, suka gwada abubuwan tsinka madara da ke hannun talaka, suka fitar da hanyar da mace za ta bi da tukunya da ƙyalle kawai. Malaman gona da ƙungiyoyin mata suka watsa ta. Ga mutumin tsakanin da tukunya ta nuna mana. Abincin Sin ne, amma ta Japan ya biyo, ya sauka ƙasar Yarbawa, sannan ya nufo arewa.

Lokacin ma ya dace. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta karye, nama da ƙwai da madarar gwangwani suka fi ƙarfin magidanta da yawa. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, Nijar ma ta shiga irin wannan hali. A nan na ga bambancin da ya fi taɓa zuciyata. Mai zuhudu a Sin yana da halin cin nama, ya bari don ibada, shi ya sa mai girkinsa ke wahalar siffanta waken ya yi kama da agwagwa ko alade. Uwar 'ya'ya a Matankari ba ta bar nama ba, kuɗinsa ne ya gagare ta, don haka ba ta ɓata lokaci wajen kwaikwayo. Abin da take nema shi ne yaro ya ci abin gina jiki da 'yan daloli, ita kuma ta sami na sabulu.

Matakin ƙarshe, tsallake iyaka, shi ne mafi sauƙi ga wanda ya san ƙasar. Arawan Dutsi da Tibiri da Arawan Kangiwa da Bachaka a jihar Kabi dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya suke ci, suna aurar da 'ya'ya a tsakaninsu. A ganina ta nan sana'ar ta ratso, daga 'yar'uwa zuwa 'yar'uwa, a wajen biki da suna da zaman jego. Su ne kuma suka gama aikin da Ibadan ta fara. Suka tsaya kan ruwan tsami tunda kyauta yake fitowa daga kamun kunu. Suka matse ta sosai don ta jure man gyaɗa mai zafi da yawon talla cikin rana. Suka haɗa ta da yaji da albasa da kabeji, mai hali ya sa a tsoma masa ita cikin ƙwai kafin a soya. Dusar da ta saura a ƙyalle kuwa tumakin kiwo ake ba, ragon layya ya yi ƙiba da ita. Waken ne kaɗai ƙasar Arewa ba ta iya bayarwa ba, har yau a buhu yake zuwa daga kudu, daga gonakin Najeriya da Benin.