Kafin Malami Ya Ajiye Albashi Ya Buɗe Makarantar Lesin

Duk wanda ya zaga unguwannin Kano ko Kaduna ko Jos, ko kuwa Agege a birnin Ikko, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, zai ga samari da 'yan mata riƙe da littattafai suna shiga wani zaure ko shago da aka rataya wa allo a ƙofa. Waɗannan su ne makarantun lesin, watau inda ake horar da ɗalibai domin cin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Da yawa daga cikin masu su kuwa malamai ne da suka yi shekaru suna karɓar albashi, daga baya suka ga ya fi musu su tsaya da ƙafafunsu.

Dalilin da ke jan su ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 albashi ya kasa kai mutane ƙarshen wata, kuma ko da Gwamnatin Tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, malaman makarantun kuɗi da dama ba su gani a ƙasa ba. Masu neman horo kuwa ba su da iyaka. A sakamakon farko da hukumar JAMB ta fitar a 2025, daga cikin ɗalibai wajen miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba cikin 400. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da iyayen da hankalinsu ya tashi.

To, amma iya koyarwa daban, riƙe sana'a daban. Malamin da ke ƙarƙashin wani bai san kuɗin hayar ajin da yake tsaye a ciki ba, bai san wanda ya sayi alli da benci ba, kuma ba shi ne ke bin iyaye bashin kuɗin makaranta ba. Ranar da ya ajiye aiki, dukan wannan ya hau kansa. Har wa yau akwai abin da albashi ke ɓoyewa: bisa dokar fansho ta 2014, mai aiki yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa a asusun fansho, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10. Mai zaman kansa ba shi da mai ƙara masa ko kwabo.

Babban ramin da ke cinye sababbin shiga shi ne rashin lissafin watannin rani na wannan sana'a. Akan yi jarrabawar JAMB wajejen watan Afrilu, ta WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta ƙare wajejen Yuli. Da zarar an gama, sai ajin da ke cike ya zama kufai, ga mai gida yana jiran kuɗin haya. A ɗauka, alal misali, malami yana da ɗalibai 40, kowanne yana biyan naira 5,000 a wata. Kuɗin da ke shigowa naira 200,000 ke nan, abin da zai sa ya raina tsohon albashinsa. Amma in watanni takwas kaɗai ɗaliban ke zuwa, abin da ya samu a shekara naira miliyan 1.6 ne, wanda in aka raba shi gida 12 bai wuce naira 133,000 da 'yan kai ba. A cikin wannan ne zai fitar da haya da man janareta da ladan malaman da ke taya shi, domin malamin Lissafi ba zai koyar da Turanci da Kimiyya duka shi kaɗai ba. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya rubuta takardar barin aiki, ya saki reshe ya kama ganye.

Sa'an nan ga maganar kayan aiki. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka makarantar da ba ta da ko 'yan na'urori kaɗan da yaro zai saba da su, iyaye za su wuce ta zuwa ta gaba. Na'ura kuwa sai da wuta, wuta kuma sai da janareta ko sola.

Masu hikima kan fara da kaɗan, da yamma ko ranakun Asabar, su ga ko mutane za su biya kafin su bar aiki. Sai dai a nan akwai gargaɗi ga ma'aikacin gwamnati. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulkin 1999 sun hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da sana'ar kansa, in ban da noma. Malamin makarantar kuɗi kuma ya kamata ya sake duba takardar da aka ɗauke shi aiki da ita, ya kuma guji janye ɗaliban maigidansa a asirce, domin a gari ɗaya za su ci gaba da zama.

In an yanke shawarar tafiya, to a fita ta ƙofa. Dokar ƙwadago ta tanadi cewa wanda ya yi shekara biyar ko fiye a wuri ya ba da sanarwar wata guda. A yi wa sunan makarantar rajista a hukumar CAC, a buɗe mata asusun banki dabam da na cefane, a kuma riƙa ba kowane uba rasit. Dokar fansho ta yarda wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba ya ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara, in ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Wasu kan yi jari da wannan kuɗi, amma a tuna guzurin tsufa ne ake taɓawa.

Akwai kuma jarrabawar da shi kansa malamin zai fuskanta. Ba za a daɗe ba wani uba zai zo masa da kuɗi a hannu, yana neman a “taimaki” ɗansa a ɗakin jarrabawa, kuma lokacin da zai zo sau da yawa shi ne lokacin da haya ta ƙare. Satar jarrabawa laifi ne da dokar 1999 ta tanadar wa hukuncin tara ko ɗauri. Ban da wannan ma, jarin mai lesin na gaskiya shi ne sunansa, tun da ba allon ƙofa ke kawo ɗalibai ba, bakin iyayen da 'ya'yansu suka ci da guminsu ne.

Saboda haka, malam, kafin ka miƙa wa hedimasta takarda, zauna da biro ka lissafa haya da mai da ladan mataimaka na shekara guda, ka ware abin da iyalinka za su ci na aƙalla wata shida, ka kuma shawarci uwargida, tun da tukunyarta ce za ta fara jin canjin. In lissafin ya tsaya, Allah ya ba da sa'a. In bai tsaya ba, ƙara shekara guda a bakin aiki kana tari ba abin kunya ba ne.