Manhajar asibiti: wa ya kamata a fara tambaya?

Ƙarshen kowane wata, majo na CSI a karkara yakan zauna da rajista yana ƙirga masu zazzaɓin cizon sauro, da matan da suka zo awo, da yaran da aka yi wa rigakafi. Alƙaluman nan ne ke shiga DHIS2, manhajar da Nijar, Najeriya, Ghana da Burkina Faso ke tattara bayanan lafiya da ita.

Asalinta Afirka ta Kudu ne, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata. Masana daga Jami'ar Oslo sun zauna da ma'aikatan lafiya a Cape Town: a gwada, ma'aikaci ya ce wannan gurbin ba shi da amfani, a cire, a sake gwadawa.

Ingila kuwa daga sama ta tsara babban shirinta a 2002. Likitoci suka koka ba a shawarce su ba, a 2011 aka wargaza shi bayan an kashe biliyoyin fam.

A ganina, horon kwana uku bayan an gama komai ba shawara ba ce. Ungozomar da rezo ke yanke mata kullum, da an tambaye ta tun farko, cewa za ta yi a ba ta manhajar da ke aiki ko babu intanet.