Lasifika Biyu Masu Kama da Juna: Daga Ina Kaurin Amo Yake Fitowa?

Idan damina ta matso, matasan Affala da sauran garuruwan Adar da suka tafi cin rani Abijan sukan dawo da tsaraba, kuma da wuya a rasa kayan kiɗa a ciki. Daga nan gardama take tashi a majalisar yamma: lasifikar wa ta fi bes? Ga su nan girmansu ɗaya, kuɗinsu kusan ɗaya, amma ɗaya tana rugugi har ka ji a ƙirjinka, ɗayar kuwa amonta a tsuke yake. Kama da wane dai ba wane ba ne.

Abin da ake kira bes shi ne amo mai kauri, irin na tambari ko babbar ganga. Sauti girgizar iska ne, kuma ana auna shi da yawan girgizar a daƙiƙa ɗaya, wato haz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga haz 20 zuwa 20,000. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, kuma tsawon zangon wannan amon ya haura mita 8. Kafin ƙaramin akwati ya fitar da shi, sai ya tura iska mai yawa. A nan maƙera lasifika suka rabu gida biyu.

Misali mai kyau yana Ingila. Gidan rediyon BBC, wanda Hausawa suke saurare da harshensu tun 1957, ya tsara wata ƙaramar lasifika mai suna LS3/5A, aka fara ƙera ta a 1975. An yi ta ne domin injiniyoyi su riƙa tantance sauti a matsattsen wuri, kamar motocin ɗauko shiri daga waje. Kamfanin KEF, wanda Raymond Cooke ya kafa a 1961, shi ya samar da fayafayan da ke cikinta, masu kaɗawa su tura iska. A 2012 kuma KEF ya fitar da LS50 domin bikin cikarsa shekara 50, yana mai tunawa da waccan. Dukansu ƙanana ne, faifan bes ɗin kowacce bai wuce inci 5 da ɗan ɗoriya ba. Amma ta farko a rufe take ruf, ta biyu kuwa tana da rami a bayanta.

Akwatin da yake a rufe, iskar da ke cikinsa ita take riƙe faifan: idan ya shiga ta turo shi, idan ya fita ta jawo shi. Edgar Villchur, wani Ba'amurke, shi ya yaɗa wannan dabara da lasifikarsa AR-1 a 1954. Amfaninta shi ne duka yana tsayawa inda makaɗi ya tsayar da shi, kamar kalangun da aka ɗaure da kyau. Bes ɗin yana raguwa sannu a hankali yayin da amo yake ƙara kauri. Illarta kuma, tana son wuta mai ƙarfi kafin ta yi ƙara. LS3/5A ba ta kai wa can ƙasa, sai dai an ɗan ɗaga mata amon da ke sama da haz 100, shi ya sa mai sauraro yake zaton ta fi girmanta. A muryar mutum kuwa ta yi suna.

Mai rami kuwa, duk wanda ya taɓa busa bakin kwalba ya ji tana guɗa ya riga ya san sirrinta. Iskar da ke cikin bututun tana kaɗawa tare da ta akwatin, sai ramin ya zama tamkar faifai na biyu. Albert Thuras na ɗakin binciken Bell a Amurka ya sami rajistar wannan fasaha a 1932. Da ita LS50 take sauka ƙasa fiye da tsohuwar, ta cika ɗaki da amo. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Da zarar amo ya yi ƙasa da inda aka saita ramin, bes yana faɗuwa da sauri ninki biyu na rufaffen akwati, faifan kuma ya yi ta rawa a banza. A lasifikar da ba a ƙera da kyau ba, ramin yakan yi huci, dukan ganga ya riƙa jan jela har ya danne muryar mawaƙi.

To, wacce ta fi? Amsar tana ɗakinka. Bango yana ƙara bes, kusurwa ta fi ƙarawa. Mai rami a baya idan aka manna ta da bangon ƙaramin ɗakin laka, sai rugugi ya yi yawa. Shi ya sa KEF ya haɗa LS50 da soson toshe ramin. Rufaffiya ta fi jure irin wannan wuri. A tsakar gida kuwa, ranar biki ko suna, babu bangon da zai dawo da amo, kuma dukansu biyu sun yi kaɗan. Wannan aikin manyan akwatuna ne. Mai amfani da batir da farantin sola ya tuna cewa bes ne ya fi shan wuta. Ramin kuma ƙofa ce ga ƙurar hunturu, zanzaro ma ba ya ƙin gina ɗakinsa a ciki.

Da wuya a ga LS3/5A ko LS50 a kasuwar Tahoua, amma galibin akwatunan da ke rumfa ɗayan biyu ne: rufaffe ko mai rami. Idan mai kanti ya ce, "Ɗana, dubi kwalin, wat dubu ce," kada lambar ta ruɗe ka. Wadda aka rubuta PMPO a gefenta ta talla ce; ta RMS ita ce abin dubawa, kuma ko ita ba ta faɗin daɗin amo. Ka ce, "Alhaji, a sa mini waƙata." Ka je da katin waƙoƙinka, ka zaɓi wadda ka sani sarai, ko jitar Mdou Moctar ko kiɗan kalangu, a kunna ta a dukansu a wuri ɗaya. Ka tabbata ƙararsu ta zo daidai, domin tun 1933 masana biyu, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunne ba ya kama amo mai kauri sosai idan sauti ya yi ƙasa. Saboda haka wadda aka fi murɗa wa ƙara ita za ka zaci ta fi bes.

Sannan ka saurari abu biyu: kana iya ƙirga dukan ganga ɗaya bayan ɗaya? Kana jin kalmomin mawaƙi ba tare da ka kasa kunne ba? Wadda ta ba ka waɗannan, ita za ka ɗaure a bayan babur zuwa Affala, ko da maƙwabciyarta ta fi ta girgiza kwanon rumfa.