Sake Yin Digiri a Ingila: Takardar Shaidar da Ke Hana Mai Ita Rance

A Ingila, ɗalibin da zai shiga jami'a karon farko yana samun rancen gwamnati na kuɗin makaranta, kuma ba ya fara biya sai albashinsa ya kai wani mataki. Amma wanda ya riga ya yi digiri, ya so komawa ya yi wani a fanni daban, sai ya tarar da ƙofa a rufe. Ƙa'idar da ake kira ELQ ta hana tallafa wa karatun da ya yi daidai da shaidar da mutum ke riƙe da ita, ko wanda bai kai ta ba. Ta yi ƙarfi ne a 2007, lokacin da ministan jami'o'i John Denham ya sanar da janye fam miliyan 100 daga kuɗin da ake ba jami'o'i domin irin waɗannan ɗalibai. Open University da kwalejin Birkbeck ta Landan, waɗanda akasarin ɗalibansu ma'aikata ne masu karatu bayan tashi daga aiki, su suka fi ji a jikinsu.

Hujjar gwamnati ba abar rainawa ba ce: kuɗi kaɗan ne, kuma wanda bai taɓa samu ba ya fi cancanta da a fara da shi. Na yarda da wannan. Inda nake da ja shi ne mudun da aka zaɓa a yi awo da shi. Ƙa'idar ba ta tambayar nawa gwamnati ta kashe wa mutum, takardar da ke hannunsa kawai take dubawa. Wanda ya biya wa kansa karatun farko ana hana shi. Haka ma wanda ya yi digirinsa a Kano ko Zariya, daga baya ya sami izinin zama a Ingila, alhali ko sisin baitulmalin ƙasar bai taɓa ci ba. Idan adalcin rabo ake nema, ai abin da mutum ya karɓa ya kamata a lissafa. Ita kanta gwamnatin ta yi ta huda ƙa'idar duk lokacin da ta matsu da ma'aikata: an ware horar da malamai, an ware aikin jinya da ungozoma, sannan daga 2015 aka ware injiniya da ilimin kwamfuta ga masu haɗa karatu da aiki. Wannan amincewa ce da cewa sauya sana'a a tsakiyar rayuwa buƙatar ƙasa ce.

Akwai masu cewa yawancin rancen ba ya dawowa cikakke, kuma mai shekara 45 ba shi da sauran shekarun aiki da yawa da zai biya. Gaskiya ne, amma maganin wannan shi ne a sa iyaka ga adadin kuɗi. Abin da wani kwamiti ƙarƙashin Philip Augar ya ba da shawara ke nan a 2019, bayan adadin masu haɗa karatu da aiki ya faɗi da fiye da rabi. Ƙarin kuɗin makaranta zuwa fam 9,000 a 2012 ya taka rawa sosai a wannan faɗuwar, sai dai ELQ ce ta sa masu digiri suka fuskanci sabon farashin ba tare da rance ba.

Sabon tsarin da aka shirya farawa a Janairun 2027 ya bi wannan hanya: kowane mutum, har zuwa shekara 60, yana da rancen kuɗin makaranta daidai da karatun shekara huɗu, kuma ELQ za ta kau. Gyara ne na gaske, amma kada a zuzuta shi. Wanda gwamnati ta ɗauki nauyin digirinsa na shekara uku, ragowar shekara ɗaya ce gare shi. Za ta ishe shi gajerun kwasa-kwasai, ba za ta kai shi ƙarshen sabon digiri ba, sauran shekara biyun kuma daga aljihunsa za su fito.