Dukiyar Da Ke Ƙarƙashin Motarka

Mai mota yakan ɗaga gilashi, ya kulle ƙofa, ya sa wa sitiyari kwado, sa'an nan ya shiga ɗaki ya kwanta hankalinsa kwance. Amma akwai wani abu mai tsada wanda duk wannan kulle-kulle bai shafe shi ba. Yana can ƙarƙashin mota a fili, tsakanin inji da salansa, kowa ya durƙusa zai gan shi. Turawa suna ce da shi katalitik konbata. Makanikanmu kuwa sun laƙaba masa suna indomi, gama cikinsa ya yi kama da busasshiyar taliyar Indomie kafin a dafa ta. Mu a nan za mu kira shi matatar hayaƙi, domin aikinsa ke nan. Da yawa daga cikin masu motoci ba su san suna da ita ba sai ran da aka raba su da ita.

Mece ce matatar hayaƙi?

Wani gwangwani ne na ƙarfe, girmansa bai fi na burodi ba, a manne da bututun salansa. A ciki akwai tangaran mai ƙananan ramuka dubbai kamar saƙar zuma. An shafe bangon ramukan nan da waɗansu ƙarafa uku masu daraja: filatinam, da faladiyam, da rodiyam.

Hayaƙin da ke fitowa daga inji yana ɗauke da guba iri uku. Akwai kabon monoksaid, watau iskar nan marar wari marar launi da ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Akwai ragowar fetur da bai ƙone ba. Akwai kuma wata iska mai cin huhu, mai tayar da asma. Sa'ad da hayaƙin ya ratsa ramukan nan da zafi, ƙarafan sukan juya mafi yawan gubar ta zama tururin ruwa da iskar da ba ta da lahani irin na farko. Matata mai lafiya takan kawar da kashi 90 cikin 100 na gubar nan, ko fiye.

Wani injiniya Bafaranshe mazaunin Amurka, Eugene Houdry, shi ya fara ƙera ta domin motoci a shekarun 1950. Ba ta karɓu ba a lokacin, gama fetur na zamanin yana da dalma, dalma kuwa takan kashe ta. Sai a 1975 aka shiga sa ta a yawancin sababbin motocin Amurka, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka tilasta ta ga sababbin motocin fetur daga 1993. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ba ta da ita, shi ya sa iyayenmu ba su san wannan damuwa ba. Amma motocin da aka ƙera domin Turai da Amurka, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, da ita suka fito daga masana'anta.

Me ya sa ɓarayi suke nemanta?

Ƙarafan da ke cikin matata ɗaya ba su wuce 'yan giram kaɗan ba, amma samunsu a ƙasa yana da wuya ƙwarai. Afirka ta Kudu ita ce ke haƙo mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya, Rasha kuma tana kan gaba wajen faladiyam. In haƙa ya sami tangarɗa a ƙasashen nan biyu, sai farashi ya tashi a ko'ina. Haka ya faru bayan annobar korona. A watan Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam, watau wajen giram 31, ta kai kimanin dala 29,000, alhali ozar zinariya ba ta kai dala 2,000 ba.

Da farashi ya tashi, sata ta bi shi. Hukumar NICB, wadda ke bin diddigin sata da zamba domin kamfanonin inshora na Amurka, ta ƙidaya ƙarar satar matata 16,660 a 2020. A 2022 adadin ya kai 64,701. Ɓarawo yakan shige ƙarƙashin mota da zarto mai batir, ya yanke bututu gaba da baya, cikin minti biyu ko uku ya tafi. Yakan sayar a kan dala 50 zuwa 250, mai mota kuwa ya biya dala 1,000 ko fiye kafin ya mayar. Sun fi son motoci masu tsayi, irin su jif da a-kori-kura da bas, gama ba sai an ɗaga su da jak ba. Suna kuma farautar masu aiki da fetur da batir, kamar Toyota Prius, domin matatarsu ba ta shan wahala sosai, ƙarafanta sukan daɗe da kyau.

Farashin rodiyam ya faɗi ƙasa da dala 5,000 a 2023, satar kuma ta ragu a can. Duk da haka ozarsa ta fi ta zinariya tsada a shekarar. Muddin akwai mai saye, ɓarawo ba zai rasa dalili ba.

Hanyoyi uku da take bi ta ɓace

A Amurka da Ingila yawanci da dare ake yanka. A wajenmu hanyoyin sun kai uku, biyu daga ciki kuwa da rana tsaka ne.

Ta fari ita ce ta mai zarto, a bakin titi, ko a filin ajiye motoci na asibiti, ko kasuwa, ko wurin biki, ko harabar majami'a. Duk inda motoci suka yi layi, masu su kuma aka san ba za su fito ba sai bayan sa'a biyu, nan ne kasuwarsa.

Ta biyu ita ce ta gareji. Ka kai mota domin wani gyara dabam, sai a ce maka, "Maigida, indomin nan ya toshe, shi ya sa ba ta da ƙarfi. Gara a fasa shi ta sami numfashi." Kai kuma ka amince, har ka biya kuɗin aiki, ka yi godiya. Wani ma ba ya tambayarka. Yakan kwance gwangwanin, ya farke shi ta sama, ya kwashe tangaran ɗin, ya yi walda, ya mayar. In ka leƙa za ka ga kome yana nan, alhali kwanso ne kawai. Makanikai masu amana suna da yawa, su ma abin nan yana ɓata musu suna. Amma in ɓera yana da sata, daddawa ma tana da wari: rashin sanin mai mota shi ke buɗe ƙofar.

Ta uku ita ce tun kafin motar ta zama taka. Daga tashar jirgin ruwa zuwa wurin dillali mota takan bi ta hannuwa da yawa, wani lokaci a hanya ake kwashe cikinta. Sai ka biya kuɗin mota cikakkiya, a ba ka ragagga.

Yadda za ka gane

In yanke ta aka yi, ba ka bukatar mai faɗa maka. Da ka murɗa makulli motar za ta yi ruri kamar babbar tirela. In kuwa cikin aka kwashe, sai ka lura da kyau. Ƙarar salansa takan sauya ta yi kaushi. Hayaƙi yakan yi warin ɗanyen fetur mai sa ido ruwa. Fitilar nan mai hoton inji a gaban direba takan kama, in aka jona kwamfuta kuma sau da yawa lamba P0420 za ta fito. In ka ƙwanƙwasa gwangwanin bayan ya huce, zai amsa kamar tulun da ba kome. Dubi kuma ko akwai sabon tabon walda a jikinsa.

Kada wani ya ce maka ai mota tana tafiya ko babu ita. Tafiya kam tana yi, amma wa ke shaƙar gubar? Yaro mai talla a bakin titi, da mai babur da ke bayanka, da uwargida da ke shara sa'ad da kake ɗuma inji da safe a cikin gida. In bututun a yanke yake a ƙarƙashin kujeru, hayaƙin yakan shigo cikin mota, yaran da ke baya su ne na fari da za su fara ciwon kai da gyangyaɗi.

Rigakafi ya fi magani

1. Ka san kayanka. Ka sa a nuna maka matatar motarka, ka ɗauki hotonta da waya, har da lambobin da ke jikinta da yadda waldarta take. Waɗansu motoci suna da fiye da ɗaya.

2. Ka zaɓi wurin kwanan mota. Cikin gida mai ƙofa ya fi kome. In ba hali, sai inda akwai haske da maigadi. Ka matsa ta kusa da bango, ko ka sa ƙaramar mota a gefen mai tsayi, domin mai zarto ya rasa hanyar shigewa.

3. Ka yi mata keji. Mai walda zai iya kewaye ta da rodi mai kauri, ko ya rufe ta da faranti na ƙarfe mai huji-huji. Ka tabbata ya bar hanyar iska, gama zafinta yakan wuce digiri 400, kada kuma ya ƙona wayoyin da ke kusa. Keji ba ya hana sata ɗungum, amma yakan mai da aikin minti biyu ya zama mai tsawo da ƙara, ɓarawo kuwa ba abin da ya ƙi kamar jinkiri.

4. Ka yi mata shaida. A zana lambar motarka ko lambar shasi a jikin gwangwanin, a shafa fenti mai haske irin mai jure zafi. Mai saye yakan yi shakkar kaya mai shaida, 'yan sanda kuma su sami abin da za su gane mai shi.

5. In za ka sa ƙararrawa, nemi wadda ke kuka in an karkata mota ko an girgiza ta. Wadda ke jiran a buɗe ƙofa ba ta da amfani a nan.

6. A gareji, ka faɗa tun da fari cewa ka san matatarka tana nan, kada a taɓa salansa sai da izininka. In aikin ƙarƙashin mota ne, ka tsaya ko ka bar wani naka. In an ce ta toshe, ka nemi a gwada a gabanka, ka kuma ji ta bakin wani makanike. Gaskiya ne takan toshe, alamarsa mota ta kasa hawan tudu, ko a ji ƙarar tsakuwa a cikin gwangwanin. Amma ba ta toshewa haka kawai. Fulogi marar kyau, ko inji mai shan baƙin mai, ko ruwan lagireto da ke shiga inji, su ne sukan kashe ta. In ba a gyara tushen ba, sabuwar ma za ta mutu. In kuwa lalle sai an sauya, tsohuwar taka ce, tana da kuɗi ko ta lalace. Ka karɓi abinka.

7. Kafin ka sayi mota, ka je da makanikenka, ba na dillali ba. A ɗaga ta, a duba, a jona kwamfuta. Ka lura ko fitilar inji tana kamawa sa'ad da aka murɗa makulli kafin a tayar. In ba ta kama ko kaɗan ba, mai yiwuwa an cire ƙwanta don a ɓoye laifi.

8. A wuraren taro, kamar sujadar Lahadi da bikin aure, a sa mutum biyu ko uku su riƙa zagaya motoci bi da bi. In sun ga baƙo kwance a ƙarƙashin mota, su tambaye shi da ladabi ko ta wace ce. Bas ɗin ekklesiya da ke kwana shida ba a motsa shi ba, shi ya fi bukatar keji.

In ka tarar da su a kai

Kada ka tunkare su. A watan Mayu na 2024, a birnin Los Anjalas, wani ɗan wasan talabijin mai suna Johnny Wactor ya tashi daga aiki da dare, ya tarar da mutane sun ɗaga motarsa suna ƙoƙarin yanke matatar. Ɗaya daga cikinsu ya harbe shi, ya rasu yana da shekara 37. Matata ana sayen wata, rai kuwa babu shi a kanti. Ka tsaya daga nesa, ka kunna fitila, ka yi kururuwa, ka riƙe lambar abin hawansu. In an kama mutum, a miƙa shi ga 'yan sanda, kada a bar taro ya yanke masa hukunci.

Bayan haka ka kai ƙara, ka karɓi takardar shaida. Ka sani inshorar nan mai araha da doka ta tilasta ba ta biyan sata, sai cikakkiyar inshora. Kada ka ɗauki iyali a motar kafin a gyara bututun.

Mai saye fa?

Ɓarawo ba shi da tukunyar narka rodiyam. Akwai mai karɓa a hannunsa, akwai mai tarawa, akwai mai fitarwa waje. A watan Nuwamba na 2022 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tuhumi mutum 21 a kan wannan ciniki, ta nemi ƙwace dukiyar da ta wuce dala miliyan 545. Ingila kuwa, a dokarta ta 2013, ta wajabta wa masu sayen tsohon ƙarfe lasisi da duba shaidar mai kawo kaya, ta kuma hana su biya da tsabar kuɗi. Sun gane cewa in aka toshe bakin kasuwa, zarto zai huta.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Wanda aka yi wa sata yakan ruga panteka neman mai araha, ba ya tambayar inda ta fito. Wataƙila ta maƙwabcinsa ce aka yanke jiya, kuɗinsa kuma su ne za su aiki yaron nan ƙarƙashin wata motar gobe. Abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ka saya a wurin da za a ba ka rasit, a kuma iya faɗa maka motar da aka ciro ta. In arahar ta yi yawa, ka bar ta. Iyayen da 'ya'yansu ke koyon kanikanci ko walda, su zauna da su a kan wannan magana, gama makanike mai amana ba ya rasa masu kawo masa aiki.

To, mai karatu, ran Asabar mai zuwa, kafin ka tayar da mota, kira ɗanka ko 'yarka ku durƙusa tare ku leƙa ƙarƙashinta. Ku nemo gwangwanin nan, ku ɗauki hotonsa, sa'an nan ku tambayi mai walda nawa ne kuɗin keji. Allah ya tsare mu da abin hannunmu.