Furen Ranankulas A Ƙasar Illela: Abin Da Wani Akawu Ya Gani

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka, domin in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wani fure da na sha wahala a kansa shekara biyu a nan Illela, ko wani ya tsira da kuɗinsa da ruwan rijiyarsa.

Sunan furen ranankulas. Kalmar Latin ce, ma'anarta ɗan kwaɗo, domin da yawa cikin danginsa a bakin ruwa suke fitowa. Irin da ake shukawa don ƙawa asalinsa ƙasashen gabashin Bahar Rum ne, wajen Turkiyya da Sham har zuwa Farisa, daga Turkiyya kuma aka kai shi Turai cikin ƙarni na 16. Furensa ninki bisa ninki ne, kamar naɗin rawanin da gwani ya yi, akwai ja, da fari, da rawaya, da ruwan goro. A garin Carlsbad na jihar Kalifoniya ta Amurka akwai gonarsa wajen eka 50, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo daga Maris zuwa farkon Mayu. Hoton wannan gona ne ya ja ni.

Wani abokina da ya yi karatu a Turkiyya ya kawo mini saiwarsa guda ashirin cikin Janairu 1 ga wata, 2023. Da saiwa ake shuka shi, kamar rizga. Busasshiyar saiwar ba ta da kyan gani ko kaɗan, sai ka ce faratan kaza ne aka ɗaure wuri guda. Mai ɗakina da ta gani ta tambaye ni ko magani ne. Na binne su a tsakar gida, inda rana ke wuni, na riƙa malala musu ruwa safe da yamma. Rabi suka ruɓe a ƙasa, sauran suka fid da ganye mai kama da na karas. Ina cikin murna sai Maris ya kama, ganyen ya yi rawaya cikin kwana biyar, ya kwanta. Ko toho ɗaya na fure ban gani ba.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne mai noman albasa wajen Kalmalo. Da na kwashe labari na gaya masa, bai tambaye ni taki ko ruwa ba, sai ya ce, “Malam, yaushe ka shuka?” Na ce cikin Janairu. Ya yi dariya ya ce ai ko albasa, wadda ta san ƙasar nan tun kaka da kakanni, wanda ya bari ɗari ya yi nisa kafin ya dasa ta ya yi asarar shekara. Na koma na bincika, na tarar maganarsa dutse ce. Ranankulas na bukatar wajen kwana 90 daga shuka zuwa fure, kuma so yake ya yi su cikin sanyi, wajen digiri 10 zuwa 15. Zafi na wuce digiri 27 kwanaki a jere, sai ya ɗauka rani ya zo a ƙasarsu, ya bar girma, ya janye ƙarfinsa cikin saiwa ya yi barci. To, jama'a, mu nan ko a tsakiyar hunturu, sa'ad da dare kan sauko wajen digiri 15, da azahar ya kan haura 30, cikin Afrilu kuwa 40 ba labari ba ne. Watau sanyin da Allah ya ba mu duka bai fi daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu ba, shi ma na dare da safiya ne. Kwana 90 ɗin ke nan cif, babu rarar ko mako guda.

Abokin nan nawa ya sake kawo mini ashirin, na shiga aiki a tsakiyar Nuwamba 2023. Na jiƙa su cikin ruwan randa sa'a uku zuwa huɗu kawai, har suka kumbura. Wanda ya bar su suka kwana a ruwa ya ruɓar da su da hannunsa. Na jera su cikin yashi mai ɗan laima a ɗakin da ya fi kowane sanyi, bayan kwana goma sha biyu fararen jijiyoyi suka fito. Kāna na dasa su, faratan na kallon ƙasa, zurfin inci biyu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta inci shida. Wannan karon ban sa su a ƙasa ba. Na sayi tukwanen ƙasa na huda gindinsu, domin tukunyar ƙasa tana tsatsafar da ruwa ta sanyaya abin da ke cikinta, kamar yadda randa ke yi, roba da gwangwani kuwa dafa saiwa suke. Na cika su da jigawa kashi biyu, tsohon takin shanu da ya riga ya mutu kashi ɗaya. Lakar fadama ba ta yi, tana riƙe ruwa. Na ajiye su gabas da ɗaki, su sha hantsi, daga nan zana ta kare su har la'asar. Ban ba su ruwa sai na tsoma yatsa na ji ƙasa ta sha iska.

Goma sha uku suka rayu. A makon farko na Fabrairu 2024 bakwai suka yi fure, ƙanana, ba su kai na hoto ba, amma wallahi na daɗe ban ga abin da ya faranta mini rai kamarsu ba. Uku da na yanka na sa a kofi sun yi kwana tara. Kafin wata ya ƙare zafi ya kashe sauran. Na tone saiwar na adana, bazara ta mai da ita gari.

Akwai gargaɗi biyu. Ruwan jikin wannan tsiro dafi ne, yana ƙona baki da fata, saboda haka a nisanta shi da yara da awaki, mu kuwa gari ne da akuya ba ta neman izini kafin ta shiga gida. Na biyu, mu mutanen kan iyaka mun saba da kaya su ƙetaro daga Ƙonni ba tambaya, amma iri da saiwa daga waje doka ta ce sai da yardar hukumar NAQS mai binciken tsirrai da dabbobi, domin cuta na iya biyo saiwa guda ta faɗa wa albasar gari duka.

A ganina, mutumin Jos ko na Mambila, inda tudu ya ba su sanyi, ya shuka abinsa da ƙarfin zuciya. Mutumin Illela ko Gada ko Gwadabawa kuwa ya sani sha'awa zai biya, kowace shekara sai sabuwar saiwa, kuma in Nuwamba ya wuce ya haƙura. Abin da ya ba ni kunya shi ne, duk lokacin da nake jinyar baƙon nan, akwai wata ƙariya a bayan zaurenmu wadda ban taɓa ba ko moɗa guda ba, ta fid da jan fure cikin rani, babu ko ganye a jikinta. Ita ma dafi gare ta, a kula. Ashe Turawa wardin hamada suke ce da ita, a ƙasar Tailan har gonakinta ake yi ana sayarwa ƙasashen duniya. Yanzu na yanki rassanta huɗu na dasa cikin tukwanen nan, na bar biyu domin ranankulas. In akwai mai karatu a Jos da ya taɓa adana saiwarsa ta kai shekara, ina roƙo ya rubuto ta wannan fili ya gaya mana yadda ya yi.

Naka,
Wani Akawu, Illela.