Rigakafin Kaza Domin Lafiyar Mai Cin Ta

A shekarar 1954 wani ɗalibi a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Timothy Chang, ya nemi kaji don ya nuna wa 'yan aji yadda jiki ke haɗa sinadaran kariya idan cuta ta shige shi. Ya ari kajin abokin karatunsa Bruce Glick, ya yi musu allurar ƙwayar Salmonella. Darasi ya watse, domin yawancin kajin ba su haɗa komai ba. Da aka bi diddigi, sai aka ga waɗanda suka gaza su ne waɗanda Glick ya cire wa wata 'yar jaka da ke saman dubura tun suna 'yan tsaki. Wani likitan Italiya, Fabricius, ya bayyana jakar a littafin da aka buga a 1621, amma aka shafe sama da shekara 300 ba a san aikinta ba. Rahoton da Glick da Chang suka wallafa a 1956 ya nuna cewa idan aka cire jakar tun kaza tana 'yar tsako, jikinta ba ya iya haɗa sinadaran kariya yadda ya kamata. Ita ce jakar da cutar gumboro ke lalatawa, abin da ya sa kajin da suka tsira daga gumboro kan zama abin tausayi a gaban kowace cuta.

Garkuwar jikin kaza ta sha bamban da ta mutum. Kaza ba ta da kaluluwa irin tamu. Babban sansanin tsaronta yana jikin hanji, musamman a bakin wasu rassa biyu masu rufaffen ƙarshe da ke kusa da dubura. Kuma uwa ba ta da nonon da za ta ba ɗanta kariya, sai ta zuba masa sinadaran a cikin gwaiduwar ƙwai, su riƙe shi mako biyu zuwa uku.

Dangin Salmonella ba halinsu ɗaya ba. Gallinarum, mai haddasa taifot ɗin kaji, tana ratsa hanji ta shiga hanta da saifa, ta kashe garke. Manomi yana ganin asararsa da ido, don haka ba ya buƙatar lallashi. Tun 1956 masanin Ingila Williams Smith ya samar da rigakafinta mai suna 9R, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa rigakafin wannan cuta.

Enteritidis kuwa munafuka ce. Idan ta shiga babbar kaza, jiki yakan tayar da kumburi na 'yan kwanaki, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a hanji, daga nan sai ƙura ta lafa. Garkuwar ta sassauta, ƙwayar ta samu wurin zama, wani lokaci har ta haura zuwa mahaifar ƙwai ta shige cikinsa kafin a yi ɓawo. Kaza tana ci tana sha tana saka ƙwai, wanda ya ci ƙwan da bai dahu ba shi ke kwana da gudawa da zazzaɓi.

Birtaniya ta ɗanɗana kuɗarta. A watan Disamba na 1988 ƙaramar ministar lafiya, Edwina Currie, ta faɗa a talabijin cewa Salmonella ta shafi yawancin ƙwan da ake samarwa a ƙasar. Cinikin ƙwai ya faɗi warwas, ita kuma ta sauka daga muƙaminta bayan mako biyu. Ta zuzuta lamarin, amma matsalar gaskiya ce. A 1998 masu kiwo suka fito da tambarin jan zaki da ake bugawa a jikin ƙwai, bisa sharaɗin an yi wa kazar rigakafin Salmonella. Ana ba da mai rai wanda aka raunana a ruwan sha, ko matacce ta allura. Masu kamuwa suka ragu ƙwarai, har a 2017 hukumar kula da abinci ta ƙasar ta ce masu juna biyu da jarirai da tsofaffi za su iya cin irin wannan ƙwai ko bai dahu sosai ba. Rigakafin bai yi aikin shi kaɗai ba. An haɗa da tsabtace keji, yaƙi da ɓeraye da yawan gwaji.

Akwai wata dabara daga Finland. A 1973 Nurmi da Rantala suka lura cewa ɗan tsakon da inji ya ƙyanƙyashe bai taɓa tsattsagar kashin uwarsa ba, don haka hanjinsa fili ne da ba kowa. Da suka ɗura wa 'yan tsaki abin cikin hanjin lafiyayyun manyan kaji, ƙwayoyi masu amfani suka cika wurin, Salmonella ta rasa masauki.

Wadda ta gagari masana ita ce Campylobacter, wadda a Turai ta fi Salmonella yawan sa mutane gudawa. Zafin jikin kaza, digiri 41 zuwa 42, shi ne daidai abin da take so. Tana zama a cikin majinar hanji, tana iya kai biliyan guda a giram ɗaya na kashi, kuma idan ta kama kaza ɗaya, cikin 'yan kwanaki ta game keji. Lokaci ma ba ya taimakawa. Kariyar gwaiduwa, wadda kan iya dakushe rigakafin da aka ba da wuri, tana gushewa a mako na uku, kajin nama kuma ana yanka su a mako na biyar ko na shida, garkuwarsu ba ta gama ƙosawa ba. Ga shi rigar ƙwayar ta bambanta daga iri zuwa iri. An gwada ɗora furotin ɗinta a kan raunanniyar Salmonella, a Kanada an gwada wani sukari da ke jikinta. Wasu kajin sun amsa, wasu ko gezau. Sannan ko an dace, sai kuɗin ya zama ƙalilan, domin manomi zai biya ne don cutar da ba ta taɓa kashe masa kaza ba.

Kafin a kai ga haka, ƙasar Iceland ta bi wata hanya tun farkon shekarun 2000: a gwada garke kafin yanka, wanda aka samu da ƙwayar a daskarar da namansa kafin a kai kasuwa, tunda ƙanƙara na rage yawanta sosai.